Mun mai da Baba maigadin masara

Likita ya ɗago kai ya tambaye ni, "Baba yana samun barci kuwa?"

Mantuwa ce ta sa na kai mahaifina asibiti a Malumfashi. Tun bayan girbi yake rikita sunayen jikokinsa, har na fara yi masa faɗa.

Na ce, "Likita, ai tsofaffi ba sa barci. Shi ya sa muka jibge buhunan masara a ɗakinsa, ko ɓera ya motsa zai ji."

Baba ya ce a hankali, "Ina jin barci, Sani. Tsoro nake a yi muku sata ina kwance."

Likita ya ce ƙwaƙwalwar tsoho ma hutu take so. Na kasa ɗaga kaina.

Yau na kwashe buhunan. Ku a gidanku, wa kuka bar wa gadi?