Gangunan Merv da Allinsu Ya Wanke

Merv Tuckwell ɗan baffana ne, kuma duk garin Mildura, can ƙasar Ostireliya, babu wanda bai san garejinsa ba. Shekara talatin yana jan motar lemo zuwa Adelaide, da ya ajiye aiki sai ya koma dafa giya a bayan gida. Matarsa Raelene ta ce tun da ya sayo gangunan ƙarfen nan rabonta da fuskarsa, sai dai ƙeya.

Ga shi da kan mantuwa. Ya manna wa gangunan takarda, ta ɓalle. Ya ɗaura musu zare mai launi, ya manta abin da launin ke nufi. Sai bana wani a ƙungiyarsu ta masu dafa giya ya ba shi dabara: ya shafa wa kowace ganga baƙin fenti irin na allon makaranta, faɗin tafin hannu, ya riƙa rubuta abin da ke ciki da alli. Merv ya yi shafi uku, ya yi sati yana janyo maƙwabta su gani, kai ka ce shi ya ƙirƙiro jirgin sama.

To, akwai yayansa Clarrie. Shekara tara ke nan da ya bar giya, bayan ta cinye masa aure ta kusa haɗawa da hanta. Tun lokacin bai taka gidan Merv ba. Bana ya yarda zai zo cin abincin Kirsimeti. Don murna Merv ya haɗa lemon citta ganga biyu. Ɗaya babu ɗigon maye a ciki, ya rubuta mata CLARRIE. Ɗayar kuwa kofi guda zai kwantar da doki, ya rubuta mata SAURAN JAMA'A.

Ran Kirsimeti gari ya waye da zafin da har tsuntsaye ke faɗowa daga bishiya. Raelene ta cika firjin gareji da naman alade da jatan lande, don haka Merv ya tsoma gangunan a tsohon bahon wanka, ya danne su da ƙanƙara. Da sha ɗaya da rabi ya leƙo. Gangunan sun yi gumi sharkaf, allin ya zubo fari kamar hawaye, allunan nan biyu baƙi ƙirin, tas.

“Raelene! Wacce na fara sawa a baho?”

“Ni ka tambaya? Tun asuba nake kicin, ko ka ga na yi kama da mai gadin ganga?”

“Ta wajen bango ce tasa. A'a, tsaya. Na juya su da zan zuba ƙanƙara.”

“To ka ɗanɗana mana, tsoho.”

Matsalar ita ce cittar da Merv ya zuba ta isa ta kashe harshen mutum goma. Ya kurɓi ta hagu, wuta. Ya kurɓi ta dama, wuta. Ya koma hagu, ya koma dama, sau nawa ne ma, Allah kaɗai ya sani. Can kansa ya fara juyawa, wato ɗaya daga ciki tana da maye. Wannan kuwa dama ya sani. Ma'aunin gilashi na gwada ƙarfin giya, wanda zai raba gardama, tun a watan Oktoba ya zauna a kansa ya fasa shi.

Raelene ta kurɓi kowacce ta tofar. “Duk ɗaya ne, man goge tukunya. Je ka sayo masa na kwalba.”

“A ina? Yau har gidan mai a kulle yake. Na faɗa masa a waya, Rae, na ce da hannuna na haɗa masa. Sati shida ina fama da shi!”

“Kurɓi ɗaya na mai mayen ya isa ya mayar da shi baya, Merv. Shekara tara.”

Ya durƙusa gaban bahon yana kallon allunan ta gefe, ta ƙasa, yana hura musu iska ko inuwar harafi za ta fito. Ya roƙe su. Wallahi ya roƙe su, har da kiran suna. Zuciyarsa ta ce ta hagu ce, ya tara kofi, ya cika. Sai ya ji ƙarar motar Clarrie a ƙofar gida.

Merv ya dubi kofin. Ya watsar. Ya ja tiyon kowace ganga zuwa kan ciyawa, ya buɗe famfunan duka biyu.

A haka Clarrie ya zagayo ya same shi, gwiwa a cikin kumfa, ido ja, hular takarda ta bikin Kirsimeti a karkace.

“Wacce ce tawa?”

“Ban sani ba, Yaya. Rubutun ya wanke. Ban sani ba.”

Warin giya ya tashi ya cika gidan. Clarrie ya ja da baya, makullin mota na hannunsa har yanzu, ya daɗe yana juya shi.

“Har yau dai kai sakarai ne,” in ji Clarrie. “Sakar wa wajen nan ruwa kafin hancina ya tuna abin da ya manta. Ina barandar gaba. Raelene, ɗora mana shayi.”

Bai tafi ba sai ƙarfe huɗu. Ciyawar dai har yau ba ta farfaɗo ba.