Tuhumar da Baba Habu Ya Buga wa Kansa

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da alli, akwai wata Talata da har gobe ba ta bar ni ba, ranar da na sa aka ba Baba Habu takardar tuhuma. Ina ba ku labarin ne, ku sababbin malamai, don na ga yadda wasunku suke saurin cewa "a rubuta masa", kamar yadda nake a wancan lokaci.

Shekarar 2014 ce, a wata sakandaren gwamnati da ke nan Wudil. Ina mataki na takwas a tsarin albashi, shekarata uku da kama aiki, ina koyar da darasin Gwamnati, kuma ni ke kula da ƙungiyar muhawara. Kaina na rawa ƙwarai. Ba na ƙare jimla ban sako Turanci ba, kuma gani nake duk wanda bai je jami'a ba sai dai ya saurara.

Baba Habu shi ne mai buga takardun makarantar. Mutumin Kausani ne, yana mataki na shida, kullum a kan kekensa yake zuwa, kuma yakan riga kowa. Saura wata huɗu ya cika shekara talatin da biyar a bakin aiki ya yi ritaya. Ga wanda ba ma'aikaci ba, takardar tuhuma ita ce wadda shugaba ke ba na ƙasa da shi idan ya yi laifi, a ce ya ba da amsa a rubuce cikin kwana ɗaya. Kwafi uku ake yi: ɗaya nasa, ɗaya na fayil ɗin makaranta, ɗaya a aika ofishin shiyya. A shiyyarmu kuwa, wanda ya gama aiki babu tuhuma ko ɗaya a fayil ɗinsa, ana rubuto masa takardar yabo a karanta a bainar jama'a ranar bankwana. Baba Habu bai taɓa karɓar tuhuma ba. Ba mutum ne mai alfahari ba, amma wannan kam yana faɗa, har ya ce ya riga ya zaɓi bangon da zai rataye takardar a zaurensa.

A shekarar ne mutanen Scotland suka kaɗa ƙuri'a a kan ko su fita daga Birtaniya su ci gashin kansu, ko su ci gaba da zama. Hutu ya yi tsawo a wannan karo, amma da muka dawo zancen bai huce ba a ɗakin malamai. Masu son zama ne suka yi rinjaye, sai dai mu nan Wudil ba mu yarda an gama ba. Malamin lissafi ya ce mutanen da ke da man fetur a tekunsu da majalisarsu ta kansu, me suke jira? Malamin aikin gona ya ce shi ya ga ƙannen da suka fita daga gandu da ɗoki, damina biyu suka dawo aron garma. Wani ya ce zaman fiye da shekara ɗari uku ba a warware shi da yatsa ɗaya. Wani ya ce ai daɗewar zama ba ita ce daɗinsa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne an bar 'yan shekara goma sha shida sun yi zaɓen, sa'o'in ɗalibaina. Sai na kai wa Firinsifal shawara mu yi muhawara a kan batun, bayan ta ɗalibai su kaɗa tasu ƙuri'ar, da akwati da layi da komai, su ga yadda ake raba gardama ba tare da sanda ba. Ya amince, aka sa ranar Alhamis.

Sai maganar abin da za a rubuta a takardar ƙuri'a. Na so a yi ta da Hausa. Na ga idan na sa "'yancin kai" na yi wa ɓangare ɗaya kwalliya, idan na sa "ɓallewa" na shafa masa baƙin fenti. "Eh" da "A'a" kuma suka yi mini lami. Can dabara ta faɗo mini: A RABA, A ZAUNA. Gajeru, masu daɗin faɗa. Kada ku ce ban san tarihin kalmar "a raba" ba. Na sani sarai, ina ma koyar da ita: kirarin da aka yi ta yi a garuruwan Arewa a tarzomar 1966, kafin yaƙin basasa. A wurina amsar tambaya ce mai maki biyu.

Ranar Talata da safe na kai wa Baba Habu rubutun. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida, ya tambayi ɗalibai. Ya gyara tabarau ya karanta. Ya daɗe yana kallon takardar fiye da yadda kalma huɗu suke bukata, sannan ya ajiye ta a gefen na'ura.

"Malam Nasiru, da za a canza wannan ta saman."

Na tambaye shi ko kuskuren rubutu ya gani. Ya ce a'a, rubutu daidai yake. Ya ce a sa "su tafi" da "su zauna", ko "eh" da "a'a", kowanne na zaɓa zai buga mini yanzu-yanzu, har ya yanka mini su. Na ce masa, cikin irin muryar da nake wa 'yan aji ɗaya magana, aikinsa bugawa ne, zaɓen kalma nawa ne.

"Haka ne, Malam," in ji shi. "Amma wannan hannuna ba zai buga ta ba. Ka yi haƙuri."

Ban tambaye shi dalili ba. Wannan ita ce gaɓar da nake so ku riƙe. An ce ruwa ba ya tsami banza, na san karin maganar, amma a ranar ban ga komai ba sai mai mataki na shida yana ƙin umarnin mai mataki na takwas, a gaban wasu malamai biyu da suka zo karɓar takardun jarrabawa. Na wuce ofishin Firinsifal rai a ɓace. Ya ce in bari ya yi magana da dattijon. Na ce idan ba a ɗauki mataki ba, gobe kowa zai zaɓi aikin da ya ga dama, kuma na kawo ƙorafina a rubuce. Da zarar ƙorafi ya shiga a rubuce, hannun shugaba a ɗaure yake. Ya kira Baba Habu, ya tambaye shi ko zai buga. Ya ce ranka ya daɗe, a gafarce shi. Ya tambaye shi me ya sa. Ya sunkuyar da kai, ya sake cewa a gafarce shi.

Makarantar ba ta da wani mai buga takardu sai shi. Don haka shi ya zauna ya buga takardar tuhumar kansa, kwafi uku, da sunana a ciki a matsayin mai ƙorafi. Babu kuskure ko na waƙafi. Washegari ya kawo amsa, layi ɗaya: ya amsa laifinsa, yana neman afuwa. A ranar aka kai kwafi ofishin shiyya tare da sauran wasiƙun mako. Ni kuwa na hau babur na je bakin kasuwa aka buga mini takardun ƙuri'ata yadda nake so.

Ranar Alhamis muhawara ta yi armashi, ba zan ɓoye ba. Masu goyon bayan fita suka ce wanda ya san zafin rana a gonarsa shi ya kamata ya riƙe makullin rumbunsa. Masu goyon bayan zama suka tambaya da wane kuɗi sabuwar ƙasar za ta yi ciniki, kuma wa zai tsare mata iyaka. Ina gefe ina jin daɗi kamar ni na haife su. Da aka tashi shiga layin ƙuri'a, sai kowane ɓangare ya fara kirarinsa. Na masu fita ya fi daɗin baki, nan da nan ya cinye ɗayan. Ɗalibai wajen ɗari biyu suka zagaya filin makaranta suna buga ƙafa, suna cewa a raba, a raba. Dariya suke yi, wasa ne a wurinsu. Hanyarsu ta bi ta gindin tagar ofishin Baba Habu.

Na je ofishin neman tawadar dangwala yatsa, na tarar ba ya nan, abin da bai taɓa faruwa ba a lokacin aiki. Na same shi a bayan ginin, zaune a kan bulo kusa da famfo. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Na ce Baba lafiya? Ya nuna mini wuri na tsuguna. Bai dube ni ba ya fara magana.

Mahaifinsa falken shanu ne, daga kasuwar Wudil yake kai su Kudu. A can ya auro mahaifiyarsa, 'yar ƙabilar Ibo, ta musulunta, ta zauna a Kausani shekara tara, tana jin Hausa kamar kowa. Yana ɗan shekara takwas labarin tarzoma ya iso daga birni. Wata ranar kasuwa suna Wudil shi da ita, suka ji taron mutane na tahowa da wannan kirari. Ta ja shi suka shige bayan wata rumfa, ta toshe masa baki da tafin hannunta. Kwana shida mahaifinsa ya ɓoye ta a cikin rumbu, maƙwabta na kai mata abinci a asirce. Daga baya aka ga zaman ba zai yiwu ba, aka sa ta a wata babbar mota mai zuwa Kudu, da ƙanwarsa goye a bayanta, a kan idan ƙura ta lafa za ta dawo. Shi aka ce namiji ne, ya zauna wurin ubansa. Ya riƙe zanenta, baffansa ya ɓamɓare masa yatsu.

"Bayan yaƙi babana ya je nema sau biyu," in ji shi. "Bai samu ko wanda ya gan su ba. Ni ban san ko sun isa ba ma, Malam. Sunan garinsu kuma bakina bai iya faɗarsa daidai ba, balle in tambaya."

Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba. A filin makaranta an daina kirari, ana ƙirga ƙuri'a. Can ya juyo ya tambaye ni, ba da gatse ba, da gaske yake son sani:

"Su mutanen can, da suka gama ƙuri'arsu, kowa ya koma gidansa ya kwana?"

Na ce eh, Baba.

"Har waɗanda suka faɗi?"

Na ce har su.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Allah Sarki," ya ce. Ya mayar da hularsa, ya wanke fuska, ya koma bakin na'urarsa, don akwai jarrabawar da bai gama bugawa ba.

Washegari da sassafe na shiga wurin Firinsifal na ce na janye ƙorafina. Ya ce bakin alƙalami ya bushe, kwafi ya riga ya tafi. Ranar Litinin na je ofishin shiyya da kaina. Jami'in ma'aikata ya karɓe ni da mutunci, ya bayyana mini ƙa'ida: ana soke tuhuma, amma sai an rubuto dalilin da ya hana ma'aikaci bin umarni, shi ma ya sa hannu, kwamiti ya duba. Amsar da ke fayil kuwa amsa laifi ce. Na dawo da murnata, don a ganina dalili kam ga shi nan, wane kwamiti ne zai ji wannan labari bai soke ba? Na ce wa Baba Habu ni zan rubuta, shi hannu kawai zai sa.

Ya saurare ni har na gama. Ya ce ya gode, kuma ya yafe mini tun ranar Talatar, kada in sa abin a raina. Amma ya ce a cikin makarantar nan ni kaɗai ya taɓa faɗa wa, 'ya'yansa ma sai da suka girma suka ji. Fayil kuwa hannu nawa yake bi, daga masinja zuwa akawu zuwa kwamiti, kowa ya buɗe ya karanta yana shan shayi.

"Ba za a sa uwata a fayil ba, Malam Nasiru. A bar takardar."

Na roƙe shi sau uku a cikin watannin nan, har gida na bi shi Kausani. Ya sa aka kawo mini fura, muka yi hira a kan gero da farashin taki, amma bai sauya magana ba.

Ranar bankwana mutum biyu ne suka yi ritaya a makarantarmu, shi da wani malamin Arabiyya. Aka karanta takardar yabon malamin, aka yi tafi. Da aka zo kan Baba Habu, Firinsifal ya yi jawabi mai kyau da bakinsa, ya miƙa masa agogon bango da malamai suka haɗa suka saya. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya nemi gafarar duk wanda ya taɓa saɓa wa. Ina zaune a layin gaba, ban iya ɗaga kai ba. Ya rasu shekara uku bayan nan, Allah Ya jiƙansa. Sai da na nemi izinin babban ɗansa kafin na fara ba da wannan labari, kuma sunan da na faɗa muku ba shi ne nasa na gaskiya ba.

Har yanzu ina koyar da batun Scotland, don su ma can ba su daina gardamar ba, kuma darasi ne mai kyau. Amma na daina ɗaukar kalmomin da ke littafinmu a matsayin amsar jarrabawa kawai. Wasunsu sun tafi da mutane, kuma 'ya'yan mutanen nan suna tare da mu a wurin aiki, suna gaishe mu kowace safiya. Idan wanda bai taɓa ce muku a'a ba ya ce a'a, ku ja kujera ku zauna, ku tambaye shi a inda babu kowa, kafin ku ɗauki biro. Ni na ɗauki biro tukuna. Mutumin ya yi shekara talatin da biyar yana gyara mana kurakuranmu a takarda ba tare da ya faɗa wa kowa ba, tabo ɗaya tak da ke fayil ɗinsa kuwa ni na sa shi.