Uwar Aro a Gidan Dilwyn

Shekara arba'in Glenys Pugh ta yi tana kiwon karnuka a bayan gidanta, kuma duk ƙauyen an san sayen kwikwiyo a hannunta ya fi neman aure wuya. Sai ta tambaye ka wa ke wuni a gida, ko kana da shinge, ko kana shan giya. Likita guda ta taɓa kora da kuɗinsa a hannu.

Da aka kawo dokar lasin, har da sharaɗin kada a sayar da kwikwiyo sai mai saye ya gan shi tare da uwarsa, Glenys ta fi kowa murna. Da ma haka take yi.

Sufeto ya zo da tef ɗin awo. Bai ko shafa kan kare ɗaya ba. Ya ce ɗakin karnukan ya gaza da taƙi guda, kuma babu takardar da take rubuta zafin ɗaki kullum.

"Ɗan nan, hannuna ne takardar," in ji ta.

"Hannu ba ya shiga fayil, Mama."

Aka hana ta lasin. Ga ciwon ƙugu ya matsa mata, dole ta koma gidan tsofaffi, inda ba a shiga da dabba. Sauran karnukan ta rabar. Nel, tsohuwar karyar da ta daina haihuwa tuni, Glenys ta ba da ita ga Dilwyn, ɗan ƙawarta, mai sabuwar rumfar karnuka da lasin rataye a bango.

Wata Asabar ta hau bas ta je ganinta. Ta tarar da Nel kwance kan bargo a falo, 'yan kwikwiyo shida na tsotson busasshen nono. Kallo ɗaya ta yi ta gane: ba na Nel ba ne, na safara a mota ne, irin waɗanda ake raba su da uwa tun ido bai gama buɗewa ba. Biyu na tari.

Dilwyn ya ja ta kicin.

"Anti, don Allah ki rufa min asiri. Wannan ne zubi na huɗu da Nel ta yi wa uwar aro. In kika kai ƙara, kwashe su za a yi duka. Wa zai ɗauki karya mai shekara goma sha ɗaya? Allurar mutuwa za su yi mata, kin sani."

Ta sani. 

A falo, wasu mata da miji sun zo saye. Dilwyn ya washe baki.

"Kun yi sa'a! Ga Glenys Pugh da kanta, ita ta raini uwar. Ku tambayi kowa a nan."

Matar ta juyo da fara'a. "Mama, mun ji labarinki. In ke kika ce, shi ke nan. 'Ya'yanta ne duka?"

Nel ta ɗago kai, tana buga wutsiya a bargo.

"Nata ne," in ji Glenys.

Suka zaɓi ɗaya daga masu tarin.