Baba Hamani na Kona, Wanda Na Kira Maƙaryaci

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma ga Rajab na shekara ta 1309, ina kasuwar Maijirgi wani mai jaki ya shaida mini cewa Allah ya yi wa Baba Hamani, maɗorin Kona, rasuwa. Ban sami jana'iza ba. Ko da na samu, ban san da wane ido zan dubi iyalinka ba, Baba.

Kowa ya san ka da ɗorin karaya, amma tsoka ce ta ɗauke maka hankali. Kakan tsuguna wajen mahauta suna fiɗa, kana jan jijiyar ƙafar akuya kana kallon yadda kofato ke motsi. Da haka kake koya wa almajiranka inda kowace tsoka ta kama ƙashi. Mu masu allo da tawada muna yi maka dariya.

Sai ɗana Bilal ya fara faɗuwa yana ɗan shekara shida. Sharaɓansa suka yi kauri amma babu ƙarfi, in zai tashi sai ya dafa gwiwoyinsa. Ka daɗe kana taɓa ƙafafunsa, sannan ka ce, "Malam Mamudu, na ga irin wanga ciwo sau huɗu, duk ga yara maza. Tsokar ce ke ƙarewa. Ba ni da maganin warkewa, amma in ana miƙe gaɓoɓin kullum ba za su ƙage da wuri ba."

Na ƙi gaskiyarka. Na kai shi wajen wani boka a Gidan Amumune, ya yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi, ni na danne yaron da hannuna. Ranar kasuwa kuma na tsaya gaban jama'a na kira ka maƙaryaci mai mugun baki.

Bayan kwana uku sai ga ka a ƙofar gidana. Ka wanke gyambon, ka koya wa matata Fadimatu yadda za ta shafa man kaɗe ta miƙe ƙafafun a hankali. Da tafiya ta gagare shi, ka sassaƙa masa kujera mai jingina don ya zauna cikin 'yan'uwansa ya yi karatu. Shekara tara kana zuwa, har da damina. Ni kuwa da na ji sallamarka sai in zame ta bayan gida. Ranar da muka rufe Bilal kai ka riƙe ni a bakin kabari, nan ma bakina ya kasa cewa ka yafe mini.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Hamani, ka yalwata kabarinsa, ka sa wahalar da ya sha kan 'ya'yan mutane ta zame masa haske. Inna Zara'u matar Baba Hamani, da 'ya'yanku Hamidu da Sa'a, da almajiransa, Allah ya ba ku haƙuri. Ran Juma'a ina nan tafe Kona. Na roƙe ku, ku bar ni in tsaya gaban jama'a in faɗi abin da na yi masa.