Ranar da Zakeyo Ya Yi wa Tirela Fito

Ranar gwajin tuƙin Zakeyo Mbewe a Chipata, ruwan sama ya ɗauke, gari ya yi luf. Shekara ashirin yana korar amalanken shanu, ya sayar da shanun ya shiga makarantar tuƙi. In ya faɗi, ba shanu ba lasisi.

Ya yi ribas da tirela tsaf, ko ganga ɗaya bai ture ba. Murna ta ɗebe shi. Da aka ce ya tsaya, sai ya rangaɗa fiton tsayar da shanu.

Mai gwaji ya ce, "Baba, ba ta da kunne! Taka birki!"

Ya taka birki, motar ta tsaya daf da katanga. Mai gwajin ya sa hannu a takardar cin gwaji yana dariya har da hawaye.

Yanzu Zakeyo yana jigilar masara zuwa Lusaka.