Zuura Mai Share Ƙasan Shafi

Kafin Zuura-eje, wato Yaya Zuura a yarenmu, ta ɗora shayin safe, ta riga ta sa tabarau ta buɗe waya. Sharhin masu karatu take bi a shafin Talant, saurayin nan mai wallafa labarin wake da ruwan noma na ƙauyukanmu a Talas. Shi ke rubutu, ita ke kwashe ƙazantar da ake zubarwa a ƙarƙashi. Shekara da shekaru, ko sannu babu.

Ba ta goge magana a ɓoye. Duk inda ta cire, sai ta rubuta: "Ni Zuura na cire. Mai ƙorafi ya same ni a gida, bayan makaranta." A shafin da kowa ke fakewa da sunan Kyarkeci ko Mikiya, ita kaɗai ke da ƙofa.

Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, wani "Mikiya" ya rubuta cewa Ormon mai rabon ruwa yana karkatar da shi gonar surukinsa. Bai tsaya nan ba, ya yi wa 'yar Ormon ƙazafi. Zuura ta cire na yarinyar, ta bar na ruwa.

Ormon ya faɗo mata gida yana huci.

"Eje, ki goge duka, ko in kai Talant kotu! Shafinsa ne, shi zai amsa."

"Zauna ka ci burodi. 'Yarka dai na kare ta. Ruwa kuwa ba 'yarka ba ne, je ka ka ba mutane amsa."

Bai kai ga fita ba sai ga Kubat mai gyaran tarakta.

"Eje, wa ya ce ki taɓa min magana? Ina 'yancin faɗin albarkacin baki?"

"Au, kai ne mikiyar? Da wannan tumbin? To ga uban yarinyar nan. Maimaita, muna ji."

Kubat ya kafa wa takalminsa ido.

Talant ya tsorata, ya ce gara a rufe sharhi baki ɗaya. Ta ce masa, "In ka rufe, masu gonakin ƙarshen magudana a ina za su yi kuka?"

Ke ce kika hana a rufe, Zuura-eje. Ke ce mai ƙofa a buɗe. Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san duk wanda ya tara jama'a a shafinsa, abin da aka faɗa ya shafe shi, wanda ya yi zagin kuma ba zai wanku da sunan tsuntsu ba. Mun gode. Allah ya saka.

Yanzu idonta ya gaji, za ta ajiye aikin bayan girbi. Talant ya rantse in ba a samu magaji ba, zai rufe sharhi, kuma ban ga laifinsa ba. Ku masu sharhi, kun iya surutu, to wa zai karɓa? Sharaɗinta ɗaya ne: ka rubuta sunanka na gaskiya da inda gidanka yake.

An wallafa sanarwar neman magaji tun makon jiya. Har yau Kyarkeci da Mikiya shiru.