Mai Tare Masu Awon Ƙanƙara

Tsohuwar nan bakinta ba linzami, ba ta kuma damu a sani ba. Tana tsaye a gindin dutsen Rwenzori cikin rigar sanyi ta maza, tana tare 'yan dakon da za su raka masu awon ƙanƙarar kan dutsen.

"Kaka Mbambu, yau ma miji kike nema?" in ji ɗayansu.

"Da kai zan yi me, mai ƙafar sauro?"

Suna dariya, ita ko murmushi. Wataƙila miji ne, wataƙila ɗa, ƙanƙarar ta haɗiye mata tun tana da kauri. Yanzu ƙanƙarar tana narkewa, tana amayo igiyoyi da takalma.

Tsohuwar ta riƙo hannun babbansu.

"In ta sako mutum, kada ku bari a ɗauke shi hoto. Ku rufe masa fuska, ku aiko mini."